Ƙayar da Ban Laluba Ba

Taubashina bai taɓa kirana Malam ba sai bayan da aka yanke masa ƙafa. Tun muna yara sunana a bakinsa bawa ne, da na kama sana'ar faci kuma ya ƙara mini da ɓarawon iska. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da ta yi aure a wani ƙauye bayan Utai. Ni kuma ɗan mace nake ce masa, ko baƙauye, ko duk abin da ya zo bakina. Ba a jin haushin irin wannan tsakanin taubasai. Ranar da ɗaya ya gaida ɗaya da ladabi, ranar ce ake tambaya ko lafiya.

A Wudil nake, gindin wata darbejiya a kan hanyar kasuwa, kuma nan na ƙarar da yawancin rayuwata ina facin keke. Kayan aikina ba su da yawa: daron ruwa, famfo, almakashi, liba biyu da maƙeri ya buga mini don ɓanɓare taya, guntun samfefa, gwangwanin sholisho, sai tsofaffin tiyub a rataye jikin reshe. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba, amma aikin na iya shi. Dole in faɗi wannan, don da ban iya ba, da laifin ya zo da sauƙi.

In keke ya zo da taya a sace, sai ka kifa shi, sirdi da kai a ƙasa. Ka sa liba ka ɗaga gefe ɗaya na tayar daga jikin wili, ka zaro tiyub, ka ba shi iska, ka bi da shi cikin ruwan daro a hankali har ka ga inda kumfa ke tashi. Ka soka tsinken ashana a wurin don kada ya ɓace maka. Ka tsane shi, ka goge da samfefa har robar ta yi kaushi, ka shafa sholisho a jikin tiyub da jikin facin da ka yanko, sannan ka jira. Sai sholishon ya daina ƙyalli, in ka taɓa da bayan yatsa ya kama ka amma bai biyo ka ba, sannan ka manna ka daddanna. Saura abu ɗaya kafin ka mayar da tiyub: ka zura yatsu cikin tayar ka laluba ta zagaye, don abin da ya huda tiyub sau da yawa yana nan maƙale. A ƙasarmu tsidau ne ya fi yawa, sai ƙayar aduwa, sai guntun waya. Gindin ƙayar yakan karye ta waje, ido ba ya ganin komai, amma tsininta yana ciki yana jira. Wanda ya koya mini aikin yakan doke mini hannu duk ranar da na tsallake wannan.

Taubashina manomi ne, da rani kuma yana tufka igiya. Kowace Juma'a yakan ɗauro igiyoyinsa a bayan keke ya kawo kara, wato kasuwar dabbobi, inda masu shanu ke saya. Kafin ya shiga kasuwa sai ya biyo ta wurina, ko da tayarsa lafiya ƙalau take. Tun daga nesa zan ji shi.

“Ɓarawon iska, tashi ka gaida ubangidanka.”

“Wa ya bar baƙauye ya shigo gari da wannan akwalar?”

“Akwalar da kai ka mayar da ita haka. Tiyub ɗin nan yanzu faci ya fi roba yawa.”

“Ado na yi mata. A ƙauyenku wa yake da irinsa?”

Masu zama wurina su yi ta dariya. Ya jingine keken ya wuce kasuwa a ƙafa da kayansa a ka.

Ban taɓa karɓar komai a hannunsa ba, kuma a lokacin ina ganin wannan abin yabo ne. Ɗan'uwa ba a yi masa aikin kuɗi, haka muka taso muka tarar. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne abin da kyautar nan take jawo masa. Ranar Juma'a kekuna sukan yi layi a gabana, duk wanda zai biya shi ne a gaba, nasa kuwa yana jingine jikin bishiya har rana ta juya. In na zo kansa na riga na gaji. Facin da zan yanko masa daga tiyub mafi tsufa ne. Sholishon ban cika jira ya sha iska ba. In tayarsa ta tsage a gefe, maimakon in ce masa ta ƙare, sai in cusa guntun tsohuwar taya ta ciki in ce ya je ta kai shi. Shi kuma ba shi da bakin ƙorafi, don wanda aka yi wa kyauta ba ya cewa ba ta yi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa cikin wasa, ni kuma in karɓa a matsayin wasa. Shekaru muka yi a haka. Sau nawa ya tura keken nan a hanyar gida, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Wata Juma'a na zaro tiyub ɗinsa na ga facin da ba nawa ba. Kowane mai faci ya san hannunsa. Nawa zagayayye ne, da almakashi nake yanka shi in sassabe bakin. Wannan kuwa na kanti ne, mai kusurwa huɗu da jan baki, an manna shi tsaf. Na san mai irin wannan aikin. Wani ne da ya buɗe rumfa can wajen tasha, mutum mai matsakaicin shekaru da ya fara da tayar babur, yana da injin iska mai ƙara. Na daɗe ina jin haushinsa ba tare da ya yi mini komai ba.

Da taubashina ya dawo daga kara sai na ɗaga tiyub ɗin sama yadda kowa zai gani.

“Jama'a ku zo ku ga, baƙauye ya yi kuɗi. Hannun ɗan kawunsa ya yi masa kaɗan, ya koma wajen masu inji.”

Ya yi dariya, amma ta makara kaɗan kafin ta fito. “A gabansa ta sace mini, bawa. Da kaya a kai. Ka so in ɗauko keken a wuya in kawo maka?”

“Da ka ɗauko. Wuyan me yake yi?”

Da na tsaya nan, da ya wuce kamar sauran. Amma da na je gaida Gwaggo bayan sallah sai na ba ta labarin, ina dariya, ina ƙara masa gishiri. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa aka kira shi, mutum da furfura a gemu, ta ce masa a gabana, “Ka bar ɗan'uwanka ka kai wa bare? So kake a ce a garin nan ɗan yayana bai iya aikinsa ba? Kada in sake ji.” Ya sunkuyar da kai ya ce to. Na ji daɗi a ranar, ba zan yi ƙarya ba. Gwaggo ba ta daɗe ba bayan wannan Allah ya karɓi abarsa, maganarta kuma ta zame masa kamar wasiyya. Ban sake ganin faci mai jan baki a tiyub ɗinsa ba.

A tsakanin nan ne ciwon suga ya kama shi. Ya rame kaɗan, ya daina shan rake, ina tsokanarsa cewa rowa ce ta sa. Yakan ce tafin ƙafarsa ba ya jin ƙasa, kamar yana taka auduga. Ina ji, ina ce masa ai dama ƙafar baƙauye ba ta san bambancin ƙasa da tabarma ba.

Juma'ar da abin ya faru bazara ce, irin zafin da kwalta ke laushi. Ya iso yana tura keken, tayar baya a sace. Bai kira ni bawa ba daga nesa. Sai da ya matso ya ce, “Yau ka duba mini da kyau. Zan koma da buhun dusa, kuma ba na jin zan iya turawa.”

Na ɗaga kai na dube shi. Fuskarsa ba wasa a cikinta, na gani da idona. Amma bakina ya riga ya saba hanyarsa. Na ce, “In ba ka iya turawa ba ka hau dusar ta kai ka.”

Ya yi murmushi ya wuce.

Keken ya wuni jikin bishiya. Sai bayan la'asar na taɓa shi, shi yana zaune a kan benci yana jira, buhun dusar a gefensa. Na samo hujin, ƙarami ne, na manna faci. Na tuna da laluben. Ba mantawa na yi ba, wannan shi ne abin da na kasa gaya wa kowa tsawon lokaci. Hannuna ya kai bakin tayar, sai wani mai kayan gwari ya iso da nasa keken yana sauri, na ce a raina ƙayar ta riga ta faɗi. Na cusa tiyub, na mayar da taya, na ba ta iska, na buga ta da tafin hannu.

“Ga ta nan kamar dutse. Ka gaida mutanen daji.”

Daga baya matarsa ce ta ba ni sauran labarin. Bai yi nisa da barin kwalta ba tayar ta sake sacewa. Bai juyo ba, don ya san na tashi, wancan na tasha kuma an hana shi. Ya tura keken da buhun a kai har gida, cikin silifa. Wani wuri a hanya ƙaya ta ratsa silifar ta shige tafin ƙafarsa, bai ji ba, ya yi ta takawa a kanta. Sai da ya zauna zai yi alwalar magariba matar ta ga jini. Aka cire, aka gasa da ruwan zafi, aka ɗaure. Ciwon ya ƙi warkewa. Juma'a ta zo bai zo ba, wata ta zo bai zo ba, ni kuma ina cewa masu zama wurina baƙauye ya samu kasuwa a wani wuri. Da labari ya iso ni, yana asibiti a Kano, kuma likitoci sun riga sun ce ba yadda za a yi a bar ƙafar. Daga ƙasan gwiwa aka yanke.

Na je duba shi. Na shirya abin da zan faɗa tun a mota, wata tsokana mai sauƙi da za ta sa ya zage ni. Ina shiga ya gyara kwanciya ya miƙo mini hannu biyu.

“Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya. Yaya iyali? Yaya kasuwa? Yaya muka ji da zafi?”

Na ce, “Ɗan mace, ni ne fa.”

“Na gani, Malam. An gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.”

Na zauna a bakin gadon ban san inda zan sa idona ba. Duk abin da na faɗa, amsarsa godiya ce. Da zan tafi ya ce a gaida gida, ya ambaci kowa ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Bayan an sallamo shi na bi shi ƙauye. Kekensa na jingine a zaure, ƙura ta rufe shi, tayar baya a kwance. Kafin in yi sallama na durƙusa na ɓanɓare ta da hannu, don ta saki ba ta buƙatar liba. Na zura yatsu. Ban kai rabin zagaye ba ta soke ni. Tsinin tsidau ne, bai kai ƙwayar gero ba, daidai inda facina yake. Na cire shi da farce na riƙe a tafin hannu, ban san me zan yi da shi ba, na jefar.

A ranar na gaya masa komai, matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Na ce masa na ji abin da ya roƙe ni, na kuma ga fuskarsa, na tuna da laluben na ƙi yi. Na ce ya yafe mini. Ban gama rufe baki ba ya ce, “Haba Malam, ba komai. Ciwo ne, kuma abin da Allah ya rubuta ne. Na yafe duniya da lahira.” Ya juya ya ce a kawo mini fura.

Mutane da yawa sun gaya mini haka nan. Limamin unguwarmu ya ce mai ciwon suga ko a tsakar gidansa ƙaya na iya samunsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba a tsakar gidansa ta same shi ba. Yafiyar kuma na karɓa, sai dai ta zo da sauri, kamar mutum ya miƙo maka saƙonka ta ƙofa don kada ka shigo. Na ci gaba da zuwa, ya ci gaba da kirana Malam. Yakan sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma.

'Ya'yansa da ke aiki a birni suka sa aka haɗa masa keken hannu, mai taya uku irin na keke, wanda ake juyawa da hannu. Na yi murna da na ji. Igiya dai a zaune ake tufka ta, in ya samu abin da zai kai shi masallaci da bakin titi, sauran mai sauƙi ne. Amma da na je bayan kaka sai na tarar da keken a ƙarƙashin rumfa, kaji na kwana a kai. Shi yana ɗaki yana barcin rana. Matarsa ce ta fito. Ita ba ta taɓa canza mini suna ba.

“Mai faci, kana kallon kekensa? Ya daina hawa.”

“Me ya same shi?”

“Abin da ka sani. Hanyar nan duk tsidau ce. Ya fita zai je masallacin Juma'a, taya ta sace masa a tsakiyar gonaki. Mai ƙafa biyu sauka yake ya tura. Shi fa? Nan ya zauna cikin rana har Allah ya kawo mai amalanke. Tun ranar da aka kawo shi a ɗaki yake salla. Igiyar ma ya ajiye.”

Na ce zan yi facin yanzu.

“Ka yi, gobe ta sake. Shi ya yafe maka, ni ban ce komai ba tukuna. In kana da abin da ya fi faci ka kawo. In babu, ka sha ruwa ka gaida gida.”

Ina da labarin abin da ya fi faci, kuma na san wurin wanda yake. Shekarun nan kekunan gwanjo masu faɗin taya sun shigo gari, ɗaliban jami'a da malamansu na hawa, wasunsu ba tiyub a ciki sam. Tubles ake ce musu. Duk wanda ya kawo mini irinsu nakan kore shi, in ce taya ba tiyub riga ce ba wando. Gaskiyar ita ce ban san yadda ake taɓa su ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na ciro sifana na kwance tayoyin nan uku, na ɗaure su a bayan kekena. Matar ta riƙe mini igiyar, irin tasa ce.

Washegari na tsaya a gaban rumfar mutumin tasha. Ya kashe injinsa ya taso.

“Baba, kai ne da kanka? Bismillah, ga benci.”

Na ce ba zama na zo ba, koyo na zo. Na gaya masa na wane ne. Ya ce, “Mai igiya. Ya taɓa tsayawa nan ya ce in yi haƙuri ba zai ƙara zuwa ba, an kai ƙararsa gida.” Bai dube ni ba lokacin da yake faɗa. Ya ɗauki wili ɗaya ya jujjuya.

Ya ce waɗannan ba don tubles aka yi su ba, amma akwai dabara, wani malamin jami'a mutumin Filato ne ya nuna masa a kan nasa keken. Tsofaffin tayoyin ba za su yi ba, sai sababbi masu lafiyayyen baki. Na je na sayo. Ya ɗauko tiyub na ƙaramin keke, wanda bai kai wilin girma ba, ya ja shi ya ɗame a jikin wili, bawul ya fito ta hujinsa. Sai ya sa almakashi ya tsaga shi ta baya, zagaye, ya buɗe robar ta rufe cikin wilin ta zubo gefe da gefe. Ya wanke farar hodar da ke ciki. A kan wannan shimfiɗar aka ɗora tayar, da hannu kawai, ya ce liba na iya yaga robar. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya sa injin. Iskar ta shiga da ƙarfi lokaci ɗaya, tayar ta yi ƙara ta zauna daram. Famfona ba zai taɓa yin wannan ba, na gani. Sannan ya kwance cikin bawul ɗin, ya ɗura wani farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, ya mayar, ya sake ba ta iska, ya yi ta girgiza wilin yana juya shi. Robar da ta leƙo waje ya bi ta da reza.

Ya tsinci ƙaya a ƙasa ya miƙo mini. “Soka, Baba.”

Hannuna ya ƙi. Shekara da shekaru ina cire ƙaya, ban taɓa soka ta da gangan ba. Na dai soka na zare. Iska ta yi tsaki, ya juya wilin, farin ruwan ya tsatso ya tsaya, shiru. Na kai kunne, na shafa yawu a wurin, ba kumfa.

Ya ce kada in ɗauka magani ne na har abada. In kwalba ta yanka ta da faɗi, ruwan ba zai iya ba. Zafin garin nan kuma yana busar da shi, sai ana ƙarawa lokaci-lokaci, ana kuma duba iska, musamman kwanakin farko. Ta biyu ya sa na yi yana kallo, na tsaga tiyub ɗin a karkace, ya ce in sake. Na sake. Ta ukun ni kaɗai na yi, shi dai ya kunna inji.

Da na mayar da su ƙauye taubashina na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ya gaishe ni gaisuwarsa mai tsawo, ya ce ban kyauta wa kaina ba da wannan wahala. Na ɗaura tayoyin yana kallo. Da na gama na tsaya a gabansa, matarsa na jin mu, na ce, “Ba ni na yi wannan ba, mutumin tasha ne ya koya mini. Ya fi ni. Maganar da Gwaggo ta yi maka ni na jawo ta, kuma ba don kishin zumunci ba ne, don kishin sana'a ne. Daga yau duk inda ka ga dama ka kai aikinka. In ba ka iya kaiwa ba ni zan kai maka.”

Ya daɗe yana kallon tayoyin. Ya ce, “An gode, Malam.”

Amma da aka kira la'asar ya ce a matso masa da keken. Muka taimaka masa ya hau. Ya bi ta hanyar da ta ratsa bayan gari zuwa masallaci, ina biye da shi a ƙafa da famfo a hannu. Ina ganin tsidau na mannewa jikin tayoyin yana zagayawa da su. Nan da can wani ɗigon fari ya fito ya bushe. Muka je muka dawo bai tsaya ba.

Mako na zagayowa na koma da famfo da gorar farin ruwan. Ban same shi a gida ba. Matarsa ta nuna mini hanya da haɓa, ta ce yana gindin tsamiya bakin titi, tun safe. Ta ƙara da cewa in na dawo akwai ɗumame. Ba ta taɓa yi mini tayin abinci ba tun da abin ya faru.

Na hango shi a kan kekensa, ƙarshen igiya ɗaure a jikin ƙarfen keken, yana tufka, wasu dattawa biyu na zaune kusa da shi. Na yi sallama, na fara shirin amsa doguwar gaisuwa. Bai miƙo hannu ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna tayar hagu da ƙarshen igiyar. Ta yi laushi, ba ta kwanta ba amma ta rage.

“Ku gan shi nan,” ya ce wa dattawan. “Tayar da ba ta da tiyub ma sai da ya san yadda ya yi ya sace mata iska. Tun muna yara haka yake. Kai bawa, me kake jira? Durƙusa.”

Na durƙusa. Na daɗe ina neman bakin bawul ɗin, ga shi a gabana amma idona ya ƙi gani sosai. Ƙafar wandonsa ta dama a naɗe take, an kama ta da fil, daidai fuskata. Wannan ba ta dawowa, kuma duk ranar da na durƙusa gaban keken nan sai na gan ta. Na sa famfo na fara bugawa.

“A hankali,” ya ce. “Kada ka fasa mini, ba irin akwalar da ka saba ba ce.”

Na ce, “Baƙauye, ɗauke hannunka daga kan tayar in ji ko ta yi.”

Ya ɗauke. Na matsa ta da babban yatsa, na bi ta zagaye ina tsince tsidau ɗaya bayan ɗaya, sannan na koma kan sauran biyun, duk da ba su nuna alamar komai ba.